Butar Shayi Mai Kai Labari: Na'urori da Zaman Dattijo a Ɗakinsa

(Kiɗan buɗe shiri)

 Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga iyayenmu maza da mata da ke jinmu a zaure ko a tsakar gida, rediyo a gefen tabarma. Shirin yau naku ne, amma 'ya'yanku nake roƙo su fi kowa kasa kunne.

A unguwar da na tashi akwai wani dattijo da ba ya fashin sallar asuba. Wurinsa sananne ne, sahun farko, jikin ginshiƙin da ke dama da liman. Wata rana aka sallame, wurin nan ba kowa. Ladan ya dubi wani yaro ya ce, "Kai, ruga gidan Malam ka dubo ko lafiya." Kafin gari ya waye tangaran an san zazzaɓi ne ya kayar da shi, har an kama hanyar asibiti. A cikin gida ma haka abin yake. In hantsi ya yi ba a ji tsintsiyar Inna ba, ba a ga hayaƙi ya tashi daga madafinta ba, maƙwabciya za ta leƙo ta katanga: "Inna, yau shiru, ko jikin ne?"

Wannan lurar, ta gane cewa abin da aka saba gani yau ba a gan shi ba, ita ce masu ƙere-ƙere ke ƙoƙarin ɗura wa na'ura a ƙasashen da dattijo ba shi da ladan da zai aika a dubo shi. Kafin mu je can, bari in gaya muku abin da ya sa maganar ta dame ni.

Gwaggona, yayar mahaifina, ta haura shekara 80 tana zaune a gidanta. 'Ya'yanta maza ɗaya na Abuja, ɗaya na Legas, matan suna ɗakunan mazajensu. Ba irin roƙon da ba su yi ba kan ta koma wurin ɗayansu, ta ƙi. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, daga nan kuma za a fitar da ita. Ba a yar da ita ba, akwai jikarta da ke taya ta kwana, sai dai a wannan daren yarinyar ta tafi biki. Cikin sanyin hunturu ne. Wajen ƙarfe 2 na dare Gwaggo ta fito za ta kewaya, an ɗauke wuta, santsin ruwan da ya kwanta a ƙofar banɗaki ya kwashe ta. Ƙashin kwatangwalo ya karye. Wayarta na ƙarƙashin matashi, taku 12 daga inda take kwance. Da ƙafata na ƙirga takun daga baya. Ta yi ta kira har muryarta ta dushe, iska na kaɗawa, kowa ya ƙudundune cikin bargo. Sai wajen ƙarfe 7 na safe yarinyar da ke kawo mata koko da ƙosai ta yi ta bugun ƙofa ba a amsa ba, ta kira maƙwabta aka haura katanga.

Likitan da ya duba ta ya ce mana karayar matsala ɗaya ce, awa 5 ɗin da ta yi a kan siminti kuma matsala ce ta daban. Tsohon da ya daɗe kwance a ƙasa jikinsa na yin sanyi fiye da ƙima, ruwan jikinsa na ƙarewa, fatar da ya danne tana iya zama gyambo, huhu na iya kamuwa. Tsokar da aka daɗe ana dannewa kuma takan saki wani abu cikin jini wanda ke lahanta ƙoda. Wani lokaci jiran ya fi faɗuwar illa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan dubu 684 ne ke mutuwa duk shekara ta dalilin faɗuwa. In ka cire haɗarin mota, babu wani tsautsayi da ya kai ta kisa. Waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke faruwa, wato irin namu.

To mu tafi Japan. A can, kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a sun kai shekara 65 ko sun wuce, mutum wajen miliyan 36 ke nan. A Nijeriya masu waɗannan shekaru ba su fi kashi 3 cikin 100 ba. Haihuwa ta ragu ƙwarai a Japan, matasa sun tattara sun koma manyan birane, tsofaffi miliyoyi suna zaune su kaɗai. Har kalma gare su, kodokushi, wato mutum ya mutu shi kaɗai a ɗaki ba wanda ya sani. Hukumar 'yan sandan ƙasar ta ce a watanni 6 na farkon 2024 kawai, an tarar da gawar mutum fiye da dubu 37 masu zaman kaɗaici a gidajensu, mafi yawansu tsofaffi, kuma kusan dubu 4 daga ciki sai da suka haura wata guda kafin a gano su. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A watan Afrilun 1996, a unguwar Ikebukuro da ke birnin Tokyo, aka buɗe wani ɗaki aka tarar da gawar wata tsohuwa mai shekara 77 da ta ɗanta mai shekara 41, wanda ya daɗe kwance ba lafiya tana jinyarsa. Yunwa ce ta kashe su, kuma sai bayan makonni aka sani. Abin ya girgiza mutane. Wani likita da labarin ya tsaya masa a rai ya tuntuɓi kamfanin Zojirushi, masu ƙera filas da tukunyar dafa shinkafa da butar dafa ruwa ta lantarki. Tambayarsa ita ce, ba za a iya amfani da kayan da tsoho ke taɓawa kullum a gane ko yana lafiya ba?

Dubi hikimar tambayar. Dattijon Japan ba ya wuni bai sha koren shayi ba, kamar yadda namu ba ya wuni bai ɗauki butar alwala ba. A watan Maris na 2001 kamfanin ya fito da wata buta da ya kira i-Pot. In ka gan ta ba ka bambanta ta da sauran. A cikinta ne aka ɓoye wata 'yar na'ura mai aika saƙo irin ta wayar salula. Duk lokacin da tsohuwa ta jona butar, ko ta danna ta tsiyayi ruwan zafi, ana rubuta lokacin. Sau biyu a rana saƙo zai isa wayar ɗanta ko 'yarta da ke wani gari: an kunna ƙarfe 6 da kwata, an tsiyayi ruwa ƙarfe 6 da rabi, an sake tsiyaya bayan azahar. In za ta fita unguwa akwai maɓallin da za ta danna, don kada a ga shiru a tayar da hankali. Ranar da ɗan ya duba ya ga har hantsi ba a taɓa butar ba, sai ya ɗaga waya.

Abin da ya burge ni da butar nan shi ne ba ta ɗora wa tsohuwa wani sabon aiki ba. Ba ta rataya komai a wuya ba, ba ta koyi latsa waya ba, ba wanda ke kallonta. Shayinta kawai take sha. Sunan da suka ba tsarin ma ya dace, mimamori, wato kula da mutum daga nesa cikin tausayi.

Yanzu mene ne su waɗannan na'urori? Duk mai zuwa garejin bakanike ya san kalmar sensa. "Oga, sensa ce ta mutu." Ita sensa 'yar na'ura ce da ke jin wani abu guda, zafi ko motsi ko nauyi ko haske, ta mayar da shi saƙon lantarki. Fitilar sola ta bakin titi da ke kunna kanta in magariba ta yi, sensa ce ke gaya mata duhu ya shigo. Ƙwan ƙofar gida da ke haskawa in mutum ya gitta, shi ma haka.

Wadda aka fi sa wa tsofaffi ita ce mai jin motsi. Jikin ɗan Adam na fitar da ɗumi wanda ido ba ya gani. Ita na'urar, wadda girmanta bai fi kwalin ashana biyu ba, ana manna ta a bango, in ɗumin nan ya gitta ta gabanta sai ta ce akwai mutum. Ba ta ɗaukar hoto, ba ta naɗar murya. Akwai ta ƙofa, ɓari biyu ce, ɗaya a jikin ƙyaure ɗaya a jikin dogari, da maganaɗisu a tsakani. In aka buɗe suka rabu sai ta ba da labari. Akwai wadda ake shimfiɗawa ƙarƙashin katifa ta ji nauyin mai kwanciya. Dukkansu suna tura abin da suka ji zuwa wani ɗan akwati a cikin gidan, shi kuma ya tura ta intanet.

Kowacce ita kaɗai ba ta san komai ba. Sai an haɗa su aka bar kwamfuta ta yi makonni tana lura, sannan za ta koyi al'adar mai gidan: yaushe yake tashi, sau nawa yake kewayawa da dare, minti nawa yake yi. Daga nan abin da take nema shi ne saɓani. An sauka daga gado ƙarfe 2, an buɗe ƙofar banɗaki, minti 40 sun wuce ba a koma gado ba, ba motsi a ɗaki. Nan take waya za ta yi ƙara a wani wuri. Da akwai irin wannan a gidan Gwaggo, da awa 5 ɗin nan ba su kai awa guda ba. Nakan kuma ce a raina, ba wanda rayuwarsa ta kai ta dattijon da ke tsare salloli biyar tsari. Na'ura ba za ta sha wahalar koyon al'adarsa ba.

Wani zai ce, ai da sauƙi, a ba tsoho abin da zai danna in ya faɗi. An daɗe da yin wannan. Tun 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Andrew Dibner, ya kafa kamfanin Lifeline shi da matarsa, kuma daga irin wannan tunani aka sami maɓallin da ake ratayawa a wuya kamar laya. Ka faɗi, ka danna, wani ya amsa. Ya ceci rayuka da dama. Amma ku ji abin da wasu masu bincike biyu na Jami'ar Cambridge a Ingila, Jane Fleming da Carol Brayne, suka wallafa a 2008. Sun bi tsofaffi 110 da suka haura shekara 90 har tsawon shekara guda. Kashi 60 cikin 100 sun faɗi. A cikin waɗanda suka faɗi, kashi 80 sun kasa tashi da kansu aƙalla sau ɗaya, kashi 30 kuma sun yi awa guda ko fiye a ƙasa. Mafi yawansu suna da abin kiran taimako a gidan, amma a galibin lokutan da aka daɗe a ƙasa ba a danna shi ba. Wasu ba su rataya ba. Wasu sun rataya suka ƙi dannawa, suna so su tashi da kansu, ko suna tsoron a kwashe su a kai asibiti.

Da na karanta wannan sai na ga iyayenmu. Kara da kawaici ba za su bar Baba ya tashi ɗansa ƙarfe 2 na dare ba. Zai ce bari gari ya waye. Akwai kuma wani tsoro da ba a faɗa, wanda na tabbata yana zuciyar tsofaffi a ko'ina: in suka san na faɗi, za su ce ba zan iya zama ni kaɗai ba, su raba ni da ɗakina.

Shi ya sa aka koma ga na'urar da ba ta jiran a danna ta. Tun 2018 agogon hannu na Apple ke iya jin faɗuwa mai ƙarfi. Zai girgiza hannun mai shi ya tambaye shi ko lafiya, in ya ji shiru ba motsi kamar minti guda sai ya kira lambar agaji da kansa, ya kuma aika wa dangi inda mutumin yake. Sai dai ba kowace faɗuwa yake kamawa ba, su kansu masu shi sun faɗi haka. Tsohon da jiri ya ɗebe shi ya sulale a hankali jikin bango, agogon na iya ƙin ji. Wani lokacin kuma motsi mai ƙarfi irin na faskare zai ɗauka faɗuwa ce. Ga tsada, ga caji kusan kullum.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan na'urorin da ke taimaka wa dattawa su ci gaba da zama a gidajensu.

Aikin da ya fi ba ni sha'awa a wannan fanni a jihar Missouri ta Amurka aka yi shi. A garin Columbia akwai wasu gidajen tsofaffi da ake kira TigerPlace, waɗanda aka buɗe a 2004 tare da Jami'ar Missouri. Wata farfesar aikin jinya, Marilyn Rantz, da wata farfesar injiniya, Marjorie Skubic, suka haɗa kai suka sa na'urori a ɗakunan waɗanda suka amince. Burinsu ya wuce a san an faɗi. So suke a gane ciwo tun bai kayar da mutum ba.

Ga misali. Na'urar ƙarƙashin katifarsu tana jin bugun zuciya da numfashi da yawan juye-juye. Tsohuwar da ta saba kewayawa sau ɗaya da dare, sai ga shi kwana uku a jere tana zuwa sau biyar. Ita ba za ta faɗa ba, wataƙila ma ba ta lura ba. Kwamfuta za ta tura wa ma'aikaciyar jinya saƙo, ita kuma ta je ta duba, a gwada fitsari, a tarar ƙwayoyin cuta ne suka shiga mafitsara, a ba da magani tun abin na ƙarami. Ku riƙe wannan da kyau, domin cutar mafitsara a jikin tsoho takan zo da ruɗewa. Sai ka ga Hajiya da ke lafiya lau jiya, yau ba ta gane jikokinta, tana sambatu. Mu kuma nan da nan mu ce gigin tsufa ne, ko iska ce. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, asibiti ake kai ta.

Suna kuma da wata na'ura da ke auna tafiya. Ba ta nuna fuska ko sutura, inuwar mutum kawai take fitarwa, ta auna saurinsa da tsawon takunsa. Sun gano cewa in tafiyar tsoho ta fara raguwa, takunsa ya gajarta, faɗuwa na nan tafe cikin makonni, don haka sai a fara masa motsa jiki, a duba magungunansa. Masu binciken sun ruwaito cewa waɗanda ke da na'urorin sun yi shekara 4.3 a matsakaici suna zaune da kansu a wurin, waɗanda ba su da su kuma shekara 2.6.

Sauran na'urorin zan ambace su a gurguje. A Japan tun 2008 doka ta tilasta a sa wa murhun gas na gida abin da zai kashe shi in tukunya ta yi zafi fiye da ƙima ko wutar ta mutu gas na fita. Akwai mai auna zafin ɗaki, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri. Zafin da aka yi a Faransa a 2003 ya kashe mutum wajen dubu 15, galibinsu tsofaffi, mu kuwa mun san abin da watan Afrilu ke yi a Sakkwato da Yamai da Maiduguri. Akwai kuma na masu cutar mantuwa, waɗanda kan fita su kasa gane hanyar gida. A 2023 an kai wa 'yan sandan Japan rahoton ɓatan irin waɗannan fiye da dubu 19. Ana sa musu abin nuna wuri a takalmi ko a aljihu, wani gari mai suna Iruma ma ɗan tambari yake manna musu a farce, wanda in 'yan sanda suka haska da waya za a san inda za a mayar da su. Mu da ke aikin rediyo mun san wannan ciwo, don ba a daɗewa ba a kawo mana cigiyar dattijon da ya fita tun safe da farar riga bai dawo ba.

Yanzu ga inda nake so mu nutsu. A 2008 gwamnatin Ingila ta fara wani babban gwaji a yankuna uku, Cornwall da Kent da Newham ta birnin Landan. A ɓangaren da ya shafi irin waɗannan na'urori an sa mutum kusan 2,600. Wasu aka sa musu na'urorin, wasu aka bar su da kulawar da aka saba, aka bi su shekara guda. Da sakamako ya fito a 2013, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba, ko a yawan kwanciya asibiti, ko a komawa gidan kula da tsofaffi, ko a mutuwa.

Me ya sa abin ya yi aiki a Missouri, a nan kuma bai nuna ba? Gwaje-gwajen biyu ba iri ɗaya ba ne, na'urorin ma sun bambanta. Amma ni a fahimtata akwai abin da ya fito fili. A Missouri, bayan kowane saƙo akwai ma'aikaciyar jinya da ta san tsohuwar da sunanta, ta san magungunanta, kuma tana iya takawa ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Na'ura ihu kawai ta iya. Ba ta haura katanga, ba ta ɗaga mutum daga ƙasa. Da ladanmu ya lura ba Malam a sahu amma bai sami yaron da zai aika ba, da lurarsa ba ta amfana komai ba.

Su ma Japanawa sun san da haka. Tun 1972 wata mata mai raba madarar Yakult gida-gida a garin Koriyama ta ji labarin wani tsoho da ya mutu ba a sani ba a yankin da take zagayawa. Sai ta fara kai wa tsofaffi masu zaman kaɗaici madarar da kuɗin aljihunta, don kawai ta gan su. Abin ya bazu, har hukumomin garuruwa suka shiga ciki. A Faransa kuma tun 2017 hukumar gidan waya ke da tsarin da za ka biya kuɗi, mai raba wasiƙa ya riƙa shiga wurin mahaifiyarka yana gaishe ta, ya turo maka labarin yadda ya same ta. Ba na faɗin wannan don a yi musu dariya. Abin da suke saye da kuɗi, mu har yanzu muna da shi kyauta a unguwanni da yawa, amma yana zirarewa. Gidan gandu na watsewa, katangu na ƙara tsawo, a sababbin unguwanni mutum na shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba.

Sai maganar da ta fi kowacce nauyi a wurina, mutuncin dattijo. A Hausa akwai tazara mai nisa tsakanin kula da sa ido. Yanzu kyamarar da ake haɗawa da waya ta yi arha, na kuma san 'ya'ya da yawa, da kyakkyawar niyya, suna kafa ta a gidan iyaye. Bayan Gwaggo ta dawo daga asibiti ɗanta na Abuja ya zo da guda biyu a kwali. Ta dube su, ta dube shi, ta ce, "Auta, ni da na yi maka wanka, yau kai za ka riƙa kallona ina ɗaura zane? Mayar da abinka." Ya mayar, kuma ita ce da gaskiya. Ɗakin uwa wurin sutura ne. Hoton nan kuma ba a wayarka kaɗai yake tsayawa ba, yana bi ta rumbun wani kamfani, kuma duk wanda ya sami lambar sirrinka ya shiga ɗakin mahaifiyarka. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, bayanan lafiya na cikin waɗanda ta ba kariya ta musamman, amma kafin doka akwai kunya.

Don haka duk abin da za a sa, a zauna da mai ɗakin tukuna. A durƙusa a gaya masa: "Baba, wannan ba ya ganinka, ba ya jin maganarka. In ka shiga banɗaki ka daɗe ne kawai zai kira ni." A nuna masa inda ake kashewa. A gaya masa wa da wa za su ga saƙon. In ya ce ba ya so, kuma hankalinsa na tare da shi, to ba a so ɗin. Kada a ɓoye masa a bayan labule. Ranar da ya gano, yardar da ke tsakaninku ta tafi, kuma zai fara ɓoye muku ciwonsa.

Akwai wani haɗarin da nake ji wa kaina tsoro ni ma. Waya ta nuna maka Inna ta tashi, ta buɗe ƙofa, ta shiga madafi, sai zuciyarka ta kwanta ka fasa kiran da ka yi niyya. Yau ka fasa, gobe ka fasa. A allon wayarka komai lafiya, ita kuwa ta yi mako ba ta ji muryarka ba.

To mu a nan, me zai yiwu? Gaskiya yawancin waɗannan tsare-tsare an gina su ne a kan wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet mai ƙarfi, da motar asibitin da ke zuwa cikin mintuna. Wanda zai saya wa iyayensa ya fara tambaya: in an ɗauke wuta batirinta awa nawa yake yi? Da layin waya take aiki ko sai da intanet na gida? Kuma in ta yi ƙara ƙarfe 2 na dare kana Legas, wa ke da makullin gidan? Wane mai adaidaita sahu ne zai ɗaga wayarka a wannan lokacin? In ba ka da amsar waɗannan biyun na ƙarshe, ajiye kuɗinka ka fara nemo su.

Mu dai ga abin da muka yi wa Gwaggo, kuma bai kai kuɗin kyamarorin nan ba. Mun sa fitilu uku masu caji, masu kunna kansu in an gitta, ɗaya a bakin gado, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a banɗaki. Maƙerin unguwa ya kafa mata ƙarfen dafawa a bango tun daga ƙofar ɗaki. Birkila ya farfasa simintin nan mai santsi ya yi mai kaushi, ya gyara magudanar ruwan. Aka sa kujera mai rami a kan masai don ta daina tsuguno. Aka kai ta aka duba idonta, ashe yana ta rufe ɗaya, aka yi mata aiki. Likita ya sake duba maganin hawan jininta, ya ce in ta farka ta ɗan zauna a bakin gado kafin ta miƙe. Tela ya ɗinka wa 'yar wayarta jaka mai igiya tana ratayawa, muka saita ta yadda in ta danne lamba 2 za ta kira ni. Maƙwabcinta na jikin katanga, wanda take kira ɗana, muka ba shi makulli, da yardarta.

Muka kuma yi alkawari ni da ita. Kullum in ta idar da sallar asuba za ta danna lambar nan, ta bari ta yi ƙara sau biyu ta kashe. In na gani, na san ta tashi lafiya, in na sami sarari da hantsi in kira mu gaisa. In ƙarfe 6 da rabi ta yi ban gani ba, zan kira ta. In ba ta ɗauka ba, zan kira maƙwabci.

Wata 7 muna haka ba fashi. Ran nan ƙarfe 6 da rabi ta yi, shiru. Na kira, a kashe. Hannuna na rawa na kira maƙwabcin, ya ce in riƙe kada in kashe. Ina jin takunsa, ina jin ƙarar makulli, ina jin sallamarsa a zaure. Sai na jiyo muryarta daga nesa tana amsawa. Tana kan darduma da carbi a hannu, jikarta na barci a gefe. Kwana biyu ba wuta a unguwar, wayar ta mutu tun dare. Ya miƙa mata tasa, ta ce da ni, "Ɗan nan, na san za ka aiko, shi ya sa ban tashi daga nan ba." A ranar na aika aka sayo mata ɗan faifan sola na cajin waya, aka ɗora a kan rufin madafi.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zo da ma'aikaciyar gashin ƙashi ta koya mana yadda tsohon da ya faɗi zai tashi da kansa in bai ji rauni ba, da yadda za a ɗaga shi ba tare da an ƙara masa ciwo ba. Iyayenmu da ke saurare, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.  

(Kiɗan rufe shiri)